Council da counsel: wanne ne na kansila, wanne ne na lauya?

Mai Shagon Buga Takardu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, amma sai na fara ba ku labarin abin kunyar da ya jawo ta, don ku san inda take yi mini ciwo.

Shekara tara ke nan ina sana'ar buga takardu a nan Birnin Kebbi. Kwamfuta biyu, firinta, injin fotokwafi, sai wani ƙaramin janareto mai tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi. Katin biki, takardar neman aiki, fastar 'yan siyasa, aikin ɗalibai na kammala karatu, duk ina yi. Turancina na sakandare ne da abin da na tsinta a bakin aiki, ban taɓa ce wa kowa ni malami ne ba.

A zangon karatun da ya wuce wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin allunan da ake mannawa a ƙofar ofisoshi. Mataimakin shugaban makarantar bai aiko da rubutu ba, a waya ya karanto mini, ga ƙarar janareto, ga 'yan kabu-kabu suna ta hon a bakin titi. Na rubuta na shugaba, na mataimaki, na ɗakin malamai, na ɗakin karatu. Da ya zo kan na ƙarshe, abin da kunnena ya ji shi ne "gaidans kansila". To ni kuwa kalmar kansila ko cikin barci hannuna ya san ta, don duk lokacin zaɓen ƙananan hukumomi ita ce tuwona. Na buga Guidance Councillor, kwamfuta ba ta ja mata jan layi ba, na kai wa mai yanka allo, ya yi shi shuɗi da farin rubutu, aka manna, aka biya ni.

Bayan sati biyu sai ga malamar da ofishin yake nata, da kanta. Mace ce mai kamun kai, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ta ɗaga murya ba. Muka gaisa, ta zauna a bencin kwastomomi, ta ce, "Malam, na zo in ji wace mazaɓa ka ba ni." Na yi sororo. Ashe tun ranar da aka manna allon 'yan ajin ƙarshe suka laƙaba mata Honarabul. In ta wuce sai ta ji ana "sai kin yi" ƙasa-ƙasa, har wani ja'iri ya shiga ofis ya ce ya kawo koken unguwarsu, famfonsu ya lalace. Ta karɓi birona ta rubuta mini Counsellor a bayan rasit, ta ja layi biyu a ƙarƙashin s da e. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba. Kwana huɗu bayan haka yaron wani lauya ya kawo mini rubutun hannu in buga, takardar kotu ce. A ƙarshenta an sa sunayen lauyoyi biyu, a ƙarƙashi an rubuta Counsel to the Defendants. Ni kuma da sabon ilimina na ce a raina, ai mutane ne, kuma su biyu ne, Barista sauri yake yi ya yanke kalmar. Na mai da ita Counsellors. Ko awa ɗaya ba a yi ba yaron ya dawo yana haki, wai oga ya ce wa ya sa ni. Gyaran gangar Auzinawa ke nan na yi.

To ga abin da nake son masu ilimi su warware mini. Mene ne ainihin bambancin council da counsel? A baki akwai yadda ake rarrabe su, ko kunnena ne ya mutu? Kuma me ya sa malamar makaranta take counsellor amma lauya yake counsel kawai, ko da su biyu ne? In akwai wata dabarar riƙewa ku taimaka, don zaɓe na nan tafe, fastoci za su yi yawa.

Malamar Turanci, Argungu

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariya har 'yata ta leƙo ta ga ko lafiya, amma ka kwantar da hankalinka, kunnenka lafiya lau yake. Waɗannan kalmomi biyu a bakin Baturen Ingila kansa sautinsu ɗaya ne, buɗe kowane ƙamus ka duba yadda aka rubuta furucinsu za ka ga babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Haka ma councillor da counsellor. Saboda haka wanda ya karanto maka a waya bai faɗi harafi ɗaya-ɗaya ba, yana da nasa kason a cikin laifin. Kwamfuta kuwa ba za ta taɓa cetonka a nan ba, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya. Ita abin da ta sani shi ne ko kalma tana cikin ƙamus, ba ruwanta da ko ita ce kake nufi.

Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce mu dawo gida. Muna da majalisa, muna da shawara, kuma babu Bahaushen da zai rikita su. Council ita ce majalisa: taron mutane da aka kafa, suna da kujeru, suna da shugaba, suna zama su yanke hukunci. Counsel ita ce shawara: maganar da mai sani yake ba wanda ya nema. Dubi ma asalin namu kalmomin a Larabci. Majalisa daga tushen da ke nufin zama ta fito, wato wurin zama. Shawara kuwa dangin shura ce. To na Turawan ma haka suke, sai dai nasu daga Latin suka zo kuma tun can suna kama: concilium, taron da aka kira, da consilium, shawara. Harafi ɗaya ne tsakani. Ta hannun Faransanci suka shiga Turanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kuma Turawan da kansu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cakuɗa su a rubutu, sai wajen ƙarni na 16 kowace ta tsaya a gidanta. Ka ga ba kai ka fara ba.

Abin da yake ɓoye mana council shi ne a Hausa ba kalma ɗaya muke fassara ta da ita ba. Wani wuri mu ce majalisa, kamar majalisar masarautar Gwandu ko ta Argungu, waɗanda a takarda za ka ga Emirate Council. Wani wuri mu ce hukuma: C ɗin ƙarshen WAEC, wadda aka kafa a 1952, Council ce, haka ma NECO da ta zo a 1999, amma mu hukumar jarrabawa muke ce musu. Wani wurin kuma kwamiti: wanda rediyo ke kira Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mambobi 15, biyar daga ciki na dindindin, sunansa Security Council. Duk dai taron mutane ne masu kujera. Shi kuma ɗan irin wannan taro shi ne councillor, wanda bakinmu ya mai da kansila.

Ga gwajin da za ka riƙa yi kafin ka danna. Tambayi kanka: abin nan ana iya rantsar da shi, ana iya rushe shi? In gwamna zai iya tashi da safe ya ce ya rushe shi, council ne. In kuwa abu ne da ake bayarwa, a karɓa ko a yi watsi da shi, counsel ne.

Ta fuskar nahawu kuma, council ana ƙirga ta: a council, two councils, jiharmu ta Kebbi tana da guda 21 na ƙananan hukumomi. Counsel mai ma'anar shawara ba a ƙirga ta, kamar dai advice, ba a sa mata a a gaba. Sannan tana iya zama aikatau, a ce to counsel a student, wato a zaunar da ɗalibi a ba shi shawara, daga nan ne counselling da counsellor suka fito. Council ba ta yin aikatau. Duk inda ka ga an rubuta councilling, to kuskure ne, ko da a allon babban ofis ka gan shi, kuma na sha gani.

Ƙaramin abu ɗaya da zai iya ruɗa ka a shago: Turancin Ingila da muke bi a makarantunmu l biyu yake sawa, counsellor da councillor, na Amurka kuwa counselor da l ɗaya. In kwamfutarka a kan na Amurka take, za ta ja jan layi a ƙarƙashin daidai. Ka duba saitin harshen.

Batun lauya na bar wa masu shi, na san akwai su a nan.

Barista daga Gusau

Malama ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni ɓangaren kotu kawai zan taɓa, tunda an jefo mana.

Malam mai shago, ba sauri abokin aikina yake yi ba, haka kalmar take. A harshen kotu, lauyan da ya tsaya wa wani a shari'a sunansa counsel, ba ƙari. Asalinta dai shawarar nan ce da Malama ta faɗa, sai aka ɗauki sunan abin aka ba mai yin sa. Mu ma muna yi a Hausa: a ce wane shi ne shaidata, alhali shaida abin da zai faɗa ne. Kuma kalmar ba ta karɓar s. Lauya ɗaya counsel, lauyoyi goma sun jeru a benci counsel. Alƙali zai ɗago kai ya ce "Counsel," sai ka miƙe. A cikin hukunci za ka ga learned counsel for the plaintiff ko for the defendant, wato na mai ƙara ko na wanda ake ƙara. Ba na musun cewa za ka ci karo da counsels a wasu takardu, har na lauyoyi, amma manyanmu ba sa so, kuma na taɓa ganin an mayar wa wani ƙaramin lauya da takarda a kan wannan s ɗin kaɗai.

Counsellor a ƙasar nan wani mutum ne daban. Shi ne malamin da ya karanta Guidance and Counselling yake zama da yara a makaranta, ko ma'aikacin asibiti da ke yi wa mutum bayani kafin gwajin jini da bayansa, ko mai sasanta ma'aurata. A ofisoshin jakadanci ma akwai muƙami mai wannan suna. In ka ji ana kiran lauya counselor, to fim ɗin Amurka kake kallo, can suna yi. Ka faɗe ta a babbar kotu a Gusau ko Birnin Kebbi, sai an waiwayo an dube ka.

Mu a wannan sana'a kullum kalmomin biyu suna gefen juna, shi ya sa dole ido ya saba. Makarantar horas da lauyoyi tana ƙarƙashin Council of Legal Education, wadda aka kafa a 1962. Masu ladabtar da alƙalai su ne National Judicial Council. Wadda nake so kowa ya riƙe, don tana da amfani fiye da nahawu, ita ce Legal Aid Council, da aka kafa a 1976 don talakan da aka gurfanar ba shi da kuɗin lauya. Jimla ɗaya ta ishe ka: ka je Council ɗin, su ba ka counsel. Ta farko ofis ce mai ma'aikata, na biyun mutum ne da zai sa baƙar riga ya tsaya maka.

A Ingila manyan lauyoyi ana ba su lambar Queen's Counsel, QC a taƙaice. Ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu, duk suka koma King's Counsel, KC, sai sake buga kati da kan takarda, ka ga da kana Landan da ka yi ciniki. Mu a nan abin da ya maye gurbin wannan lamba shi ne SAN, wato Senior Advocate of Nigeria, wadda aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas.

Sai dai kada Malama ta ce na ɓata mata darasi, akwai wuri guda da ƙa'idar ta karkace. Majalisar da ke ba sarkin Ingila shawara sunanta Privy Council, da c. Kwamitin shari'arta ne kotun ƙarshe ta ɗaukaka ƙara ga Najeriya har zuwa 1963 da muka zama jamhuriya. Amma 'yan wannan majalisa, a rubutun hukuma, Privy Counsellors ne, da s. Majalisa da c, 'ya'yanta da s. Ba za a kawo maka wannan a shago ba, na faɗa ne don ka san masu harshen ma ba su share ɗakinsu tas ba.

Magana ta ƙarshe, kuma ka yi haƙuri in ta yi zafi. Kuskurenka na farko na yafe maka, na biyun ne ban yafe ba. Takardar kotu ba a gyara ta da zato. Yau kalma ce da ba ta kashe kowa ba, gobe lambar fili ce ko kwanan wata. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, buga shi yadda yake, ka sa alama da fensir a gefe, ko ka kira mai takardar. Katin waya na naira ɗari ya fi sake aiki araha.

Ɗan Kamba

Hhhh Malam mai shago sannu da jarabawa. Ni ɗan kasuwa ne, ƙafata ɗaya a Kamba ɗaya a Gaya, kuma abin da zan ƙara shi ne 'yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan ciwon kai. Su a Faransanci kalma ɗaya ce, conseil, a baki tana fita kamar "kwansai". Majalisar gari conseil, shawarar da aboki zai ba ka conseil. Kansila conseiller, mai ba shugaba shawara shi ma conseiller. Na tambayi wani abokin cinikina da ya yi lakwal, wato bokonsu, sosai, na ce to ba ku rikicewa? Ya ce mu da muke da kalma ɗaya ba mu rikice ba sai ku masu biyu?

Kuma ku da kuke ta biyu, a bakinmu ai uku ne, har da cancel, sokewa. Duk "kansal" muke cewa. Akwai ranar da na aiki yarona sakatariya da takarda, ya dawo ya ce mini sun ce kansal. Na yi ta faɗa a waya, a kan me za a soke mini bayan na biya, ashe cewa aka yi sai council ta zauna. Na huɗun ma yana nan, consul, ƙaramin jakada, irin na ofishinmu na Jidda da alhazai suka sani. Allah dai ya kyauta.

Auta na Zuru

Yaya mai shago, bar dogon Turanci, ga dabara kyauta. Rubuta su da manyan baƙaƙe ka kalli cikinsu. COUN-CI-L, akwai CI a ciki. Kansila sai ya CI zaɓe, in ya shiga kuma a CI abin da ya samu. COUN-SE-L kuwa akwai SE. Mai ba da shawara me yake cewa? Se ka yi haƙuri, se ki dage da karatu, se mu ɗaukaka ƙara. Inda ake ci na 'yan siyasa ne, inda ake "se ka" na masu shawara ne. In ka sake mantawa ni zan biya kuɗin allon.

Malamar Turanci, Argungu

Auta, Allah ya shirye ka. Shekara da shekaru ina yaƙi da masu rubuta "se" a maimakon "sai", yau ga shi ka mai da laifin ya zama darasi. Abin haushin kuma dabarar tana aiki. Zan ara, amma ba zan ce a wurinka na ji ba.

Tsohon Akawu, Jega

Salamu alaikum. Jikana ne ka rubuta mani, ni idona ya yi rauni, amma da anka karanta mani zancen ga sai na ce sai na sa baki.

Ɗana mai shago, ni ma aikinka na yi, sai dai mu da keken rubutu munka yi shi, tun ana En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Takarda ukku ake jerawa da kabon a tsakani, in ka yi kuskuren harafi guda a layin ƙarshe, sai ka zare duka ka faro daga sama. Babu jan layi, babu gogewa. Shi ya sa munka koyi tambaya tun kan mu taɓa keke. Abin da Barista ya gaya maka gaskiya ne, riƙe shi.

Amma Malama, ɗiyata, ina da 'yar magana a kan rabon da kinka yi, majalisa daban shawara daban. A takarda haka ne. A aiki kuwa, lokacin da munka san kansila, ba haka abin yake ba. Zamanin En'e ta Gwandu, da hedikwatarta ke Birnin Kebbi, da ta Argungu da ta Yawuri, kansiloli 'yan majalisar sarki ne. Manyan mutane, galibi masu sarauta, kowa da gafakarsa: wanga ilimi, wanga lafiya, wanga ayyuka. Ba su manna fasta ba, ba su hau mota da lasifika ba. Mi ne aikinsu in sun zauna? Su ba sarki shawara. To ka ga mutum guda, ɗan majalisa ne kuma mai shawara ne. Da a lokacin wani akawu ya buga da s a maimakon c, ya yi kuskuren rubutu amma bai yi ƙarya ba. Sai bayan gyaran 1976 da anka kawo ƙananan hukumomi sannan kansila ya koma mutumin mazaɓa, har yara sunka tashi ba su san wani kansila ba sai na zaɓe. Ragowar tsohon tsarin shi ne wanda kuke ce ma kansila mai gafaka. Saboda haka da Barista ya ce Turawa sun rubuta 'yan majalisar sarkinsu da s, ni ban yi mamaki ba. Sun san abin da sunka ajiye su su yi.

Kai kuma Auta, dabararka ta yi, na yi dariya, amma ka rage ma kansiloli. Ina da maƙwabci da ya yi kansila zango guda. Tun asuba ake buga mashi ƙofa: mai haihuwa, mai maras lafiya, mai kuɗin makaranta, mai gawa. Jihar ga mazaɓu 225 gare ta, kowace da nata, kuma shi ne kaɗai mai muƙamin da talaka ya san ƙofar gidansa, ya kuma san ba mai gadi. Wanga bawan Allah da ya sauka, babur ɗin da ya shiga da shi ma sai da ya sayar. In akwai ci a wurin, ba a kwanonsa anka zuba ba.

Mai Shagon Buga Takardu, Birnin Kebbi

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Jega, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan da ya yi mana rubutu. Barista, na karɓi faɗan, ina da shi. Jiya ma wani ya kawo takardar sayen fili, na ga lambar da aka rubuta da baƙaƙe ba ta yi daidai da ta alƙaluma ba, ban taɓa ba, na kira shi. Malama, na duba saitin, ɗaya kwamfutar a kan Turancin Amurka take tun ranar da na saye ta, na mayar.

Na yanki kwali na rubuta CI da SE da jar maka, kowanne da fassararsa a ƙasa, na manna a saman allon kwamfuta. Yaron shagona ya tambaye ni ko sunan sabuwar jam'iyya ce.

Allon makarantar kuwa na sake shi da kuɗina, mai yankan bai rage mini ko sisi ba. Da kaina na kai, na ari sukundireba wajen mai gadi na cire tsohon na ɗaura sabon, malamar tana tsaye tana duba harafi ɗaya-ɗaya. Ta ce ya yi. Na ce to Hajiya, yanzu dai an sauke ki daga mulki. Ta ce ina, ai yaran sun riga sun rantsar da ita, har malamai sun ɗauka, shugaban makarantar ma ranar taron iyaye da Honarabul ya gabatar da ita. Tsohon allon ta hana ni tafiya da shi, ta sa a jakarta, wai za ta kai wa maigidanta ya gani, don shi ya yi takarar kansila sau biyu bai samu ba.